Muryar Baba a Faifai Biyu

Tun daga bakin ƙofar ofis ɗin warin ya tare ni. Ba warin gumin shinkafa ba ne, wannan a cikinsa na tashi. Wari ne na ɓeran da ya samu gida ya miƙe ƙafa. Yaya Lukmanu yana zaune a kan buhu yana cin gyaɗa yana watsa ɓawon a ƙasa, kwamfutar kuwa tana ƙarƙashin tebur, an ɗora mata kwanon fura a ka.

Ya ce, "Saliha, kin iso? Ga 'yar taki nan, ta tsufa. In ka kunna ta da hantsi sai azahar take amsa gaisuwa."

Yaya Lukmanu shi ne babba a ɗakinmu, shi ke da injin casar shinkafar nan na bakin titi a Kura. Ni kuma gyaran kwamfuta ne sana'ata, aure ya kai ni Kumbotso. Kwamfutar tasa ce, ƙatuwa 'yar gwanjo irin ta masu haɗa fim, ya saye ta ne kawai don baƙo ya shigo ya ga ofis ya cika. Amma abin da ke cikinta namu ne duka.

Mahaifinmu, Malam Hambali, tela ne. Ya tafi Makka neman abinci ina goye, can ya zauna, can Allah ya karɓi abinsa, can aka rufe shi. Ba mu da kabarin da za mu je. Abin da muke da shi kwali guda ne na kaset, waɗanda yake aiko wa Inna ta hannun alhazai duk shekara. Zai gaishe ta, ya tambayi awaki, ya yi wa Yaya faɗa a kan makaranta, ya kira sunana ya yi dariya. Ni ban san fuskarsa ba sai a hoto, amma na san tarinsa. Da idon Inna ya yi rauni, rikodarta kuma ta fara cinye zare, sai na kwashi kaset ɗin na juye su kaf a kwamfutar Yaya, don ita ce mai ƙarfi kuma nan ne wuta ba ta yankewa. Na sa faifan ajiya biyu, na haɗa su yadda duk abin da ya shiga ɗaya sai ya shiga ɗayan, in wannan ya mutu wancan na nan. Kwalin kuma na damƙa wa Yaya na ce ya adana. Saura in tace ƙarar iska da ke cikin muryar in zuba wa Inna a waya, sai na'urar ta dinga ja da ciki. Shi ya sa ranar na zo da kayan ƙara mata gudu, na kuma yi wa Inna alkawarin za ta ji mijinta kafin la'asar.

Da na kwance murfin sai da na ja baya. Dusa ta yi kauri a ciki kamar an yi wa ɗaki daɓe. Fankar ta daskare da ɓuntu. A kusurwa ga sheƙar ɓera da yagaggen buhu, ga kashinsa birjik, ga fitsarinsa ya bushe ya yi tsatsa a jikin ƙarfe. Kyankyasai suka fito suna gudu a kan hannuna. Na tofar da yawu ta taga.

Na ce, "Yaya, ba na ce a ɗora ta a kan tebur a dinga rufe ta da zane ba?"

"Tebur ɗin ai na cin abinci ne."

Na ciccibi kwamfutar. Na fitar da ita waje na kakkaɓe, na bi ta da buroshi, na hure. Sannan na zare tsohon ram ɗin, guda ɗaya tal ɗan mitsitsi, na sa sababbi biyu iri ɗaya a ramuka masu launi ɗaya, don su yi aiki tare. Yaya ya leƙo yana tambaya mene ne amfaninsu. Na ce masa ram kamar tamfol ɗin shanya ne, in yana da faɗi sai ka baza shinkafarka gaba ɗaya, in ƙarami ne sai ka yi ta kai da kawowa sito. Faifai kuma shi ne siton. Ya gyaɗa kai kamar ya gane, ya koma kan gyaɗarsa.

Na cire ɗan tsohon faifan da ke tayar da na'urar, na maye gurbinsa da sabo marar juyi, irin wanda muke ce wa es-es-di, na kwashe manhajar na mayar kansa. Na mayar da ita ƙarƙashin tebur, da na danna sai ga ta ta buɗe kafin in gyara zama. Raina ya yi fari. Na nufi wurin da muryar Baba take, na danna, babu komai. Na sake dannawa, na'urar ta ce ba ta ga faifan ba.

Faifan nan biyu suna cikin wasu aljihuna ne a gaban kwamfutar, ana jawo su kamar durowa. A jikinsu akwai 'yar fitila da ke yin ja in da matsala. Sai a lokacin na lura an manne fitilar da baƙin salatif.

"Wa ya rufe wannan?"

"Ni ne. Tana ta ƙyafta min ido ina aiki."

Na jawo aljihun farko. Faifan ya fito yana naso, hannuna ya yi baƙi. Na kai hanci, baƙin mai ne, na injin. An kwance sukurorin murfinsa an mayar a karkace.

Yaya ya ce, "Kuka ya fara yi, ƙas-ƙas-ƙas. Ai duk abin da ke juyawa in ya fara kuka mai yake so. Na buɗe na ɗiga masa kaɗan. Kuma ya yi shiru."

Ya yi shiru kam. Abin da ko ƙura ba a yarda ta shiga cikinsa ba, ya buɗe shi a tsakiyar injin casa ya yi masa wanka da mai. Na daure, don saboda irin wannan ranar na sa biyu. Na jawo aljihu na biyu. Ya zo min sakayau, babu komai a ciki sai ƙwan kyankyaso.

"Ina ɗayan?"

"Yana wajen Suhaibu."

"Wane Suhaibu?"

"Mai bidiyon biki, ɗan gidan Alhaji Isiyaku. Nasa ya cika ana tsakar bukukuwa. Ke da bakinki kika ce abu ɗaya ne a cikinsu. To me za mu yi da biyu, ɗaya na zaune ba aikin fari ba na baƙi?"

Na ce, "Yaya, zamansa shi ne aikinsa."

Ya kalle ni kamar na yi saɓo. Ya ce, "Bara da injin ban-ruwanmu ya mutu tumatir yana fure, wa ya ɗauko nasa ya kawo mana har bakin kanal? Ba ubansa ba? A garin nan ina da abu biyu, maƙwabci ya roƙa in ce babu? In bi ta ina?"

Haka ake yi a nan, na sani. Injin ban-ruwa, tiyo, tamfol, feshi, ba a hana aro, wanda ya hana kuwa har jikokinsa sai an goranta wa. Amma ban taɓa jin an ba da aron uba ba. Na yafa mayafina na ce ya tashi ya kai ni.

Shagon Suhaibu yana bayan tasha, kiɗa na tashi kamar zai tsaga kwano. Ya ganni ya washe baki, ya ce, "Anti Saliha, faifan nan naku akwai kyau, ba ya gardama."

"Abin da ke ciki fa?"

"Wasu surutai ne na wani tsoho, duk iska. Yaya Lukmanu ya ce akwai irinsu a gida, sai na wanke shi."

Na zauna a kujerarsa ba tare da ya ba ni ba. Na duba faifan, ko Allah zai sa a samu gurbin da bai taka ba, don abin da aka goge yakan dawo in ba a zuba wani a kansa ba. Ya cika shi maƙil, ya goge, ya sake cikawa. Kamu, yinin biki, ɗaurin aure, 'yan mata na murguɗa baki a gaban kyamara, wani ango mai tumbi na juyi ana yi masa liƙi. A inda Baba yake kiran sunana, yanzu wani maroƙi ne ke ihu. Ƙyama ta kama ni, har na ji kamar in wanke idona da sabulu.

Da muka fito na tsaya a jikin babur ɗin Yaya na ja numfashi. Na ce, "Shi ke nan. Aikin ya dawo sabo, amma ba a rasa ba. Mu je ka ba ni kwalin kaset ɗin in sake juyewa."

Ya tsaya yana goge madubin babur da hannun riga.

"Yaya, kwalin."

"Hau mu je," in ji shi.

Bai nufi gida ba. Ya ɗauki hanyar Bunkure, ya sauka daga kwalta ya bi gefen kanal, muna ta tsallake tiyo da ramuka. Shinkafar rani ta fara nono, lokacin da tsuntsayen jan-baki ke sauka garke-garke su tsotse gona kafin mai ita ya juya. Ko'ina ka duba gwangwanaye ne a rataye da tsummokara. Tun daga nesa na hango gonarmu ta fita daban, tana walƙiya a rana.

An kakkafa sanduna, an ja zare daga wannan kunya zuwa waccan, layi bayan layi, siriri, ruwan ƙasa, yana karkarwa a iska yana wani ɗan kuka. A gindin wata sanda ga ɓawon kaset ɗin an fasa an tara, wasu sun faɗa cikin laka. Na ɗauki ɗaya. Rubutun Baba ne na ajami a jiki, biro ya koɗe.

Yaya ya ce, "Kin ce kin juye su. Na ga sun gama aikinsu. Kuma wallahi babu abin da tsuntsu ke tsoro kamar zaren kaset, yanzu ko a kasuwa ba a samu. Dubi gonar Garzali can, an cinye rabi. Tamu ko zangarniya ɗaya ba a taɓa ba."

Da alfahari ya faɗa. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ba mugu ba ne Yaya, da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Mutum ne da ba ya iya ganin abu a ajiye.

Na shiga gonar da takalmina, laka har idon sawu. Na kama zaren. Rana ta gasa shi, raɓa ta jiƙa shi, ya miƙe ya kanannaɗe, baƙin da ke riƙe da muryar yana barewa yana manne min a yatsa kamar toka. Na bi layi ɗaya har ƙarshe ko zan samu inda ya tsira. Ban samu ba. Na naɗe abin da na naɗe a hannu na fito.

Inna tana tsakar gida a kan tabarma da muka shiga. Ta yi wanka, ta ɗaura atamfar da Baba ya aiko mata, wadda ba ta fito da ita sai da salla. Ta sa an kashe rediyo, an kore kaji. Da ta ji sallamata sai ta gyara ɗaurin kallabi.

"Saliha ce? An gama?"

Na durƙusa a gabanta. Na sa mata ƙullin zaren a tafin hannu. Ta shafa shi, ta murza, ta kai kusa da idonta mai ɗan gani. Shekara da shekaru tana mayar da zaren nan cikin kaset da tsinke in rikoda ta cinye, ba sai an gaya mata ko mene ne ba. Yaya ya tsaya daga bakin zaure ya fara bayani, faifai, mai, Suhaibu, aro, jan-baki. Ta bar shi ya kai aya.

Sannan ta ce, "Lukmanu."

"Na'am, Inna."

"Tsuntsun ya gudu?"

"Ya gudu, Inna. Bana sai dai godiya."

Ta gyaɗa kai. Ta kwance bakin zanenta, ta sa ƙullin zaren a ciki, ta ƙulle kamar yadda take ƙulle goro.

Ta ce, "To madalla. In an yanke shinkafar, kada a sa min ita a tukunya."

Ta lallaba bango ta shige ɗaki ta saki labule. Yaya ya juyo yana kallona, wai ko zan ce wani abu. Na ɗauki jakata. Sai da na kai bakin titi ina jiran adaidaita na tuna ban kashe kwamfutar ba, tana can ƙarƙashin tebur tana gudu kamar sabuwa.