Inna Ta Share Filin Bincike

Auta ta fito da na'urarta a kafaɗa, sai ta yi turus. Rabin filin bincikenta fes yake, babu ganye babu ciyawa a ƙarƙashin 'yan itatuwan. Ga mahaifiyarta zaune tana dafe da ƙugu, tsintsiya da fartanya a gefenta.

"Inna! Me kika yi?"

"Asirinki na rufa. Mace da iliminta, bayan ɗakinta kamar juji! Ba don ciwon bayan nan nawa ba, da tuni na gama da ɗaya rabin."

Auta ta ji kamar ta fashe da kuka. Tun bara ta killace wurin nan a bayan gidajen ma'aikatan gandun daji, ta kafa guntayen bututun roba, tana auna iskar da ƙasa ke fitarwa. Sharaɗin guda ne: kada a taɓa wurin. Digirinta kacokan a kansa ya rataya. Inna kuwa jiya jiya ta zo ganinta, kuma ita ko a asibiti aka kwantar da ita sai ta nemi tsintsiya.

"Inna, ƙasar numfashi take yi, shi nake aunawa."

"To ai na taimake ta. Wa ke numfashi da shara a hanci?"

Dariya ta kufce wa Auta ba shiri. Tunda aikin gama ya gama, ta durƙusa ta auna ɓangaren da aka share, sannan wanda ba a taɓa ba. Lambobin suka sha bamban. Ta sake, haka dai. Ta kira malaminta, ta faɗa masa gaskiya.

Ya ce, "Rabin filin ta share? Ƙasa iri ɗaya, inuwa iri ɗaya?"

"Haka ne, Malam."

"To kin samu abin kwatance. Ki riƙa auna duka biyun. Amma ɓangaren da ta share ɗin a dinga share shi kullum, kuma kada a canza mai sharar."

Auta ta ajiye wayar, ta tsuguna gaban Inna, wadda ta riga ta haɗa kayanta za ta bi motar gobe.

"Inna, don Allah ki zauna zuwa ƙarshen damina. Shara za ki riƙa yi mini."

Daɗi ya kama Inna, amma ta ɗaure fuska.

"Ikon Allah, ashe da rabon in yi digiri da tsufana. Kira babanki, ki ce ya ci gaba da dafa wa kansa."