Da Bakina Aka Kore Ni

Odile Marchandeau marubuciya ce daga Faransa, ni kuma Nélida, bakinta a nan birnin Rosario. Duk littattafanta ni na mayar da su Sifaniyanci, duk taron da za ta yi ni nake mata tafinta. A gidana take sauka. Ta san inda nake ajiye sukari, ta san abin da tsohon mijina ya yi mini. Shayinmu mai ɗaci da ake kira mate ma ni na koya mata sha, har ta daina yamutsa fuska.

Wannan zuwan sai ta sauka a otel. Ni da wautata na ce ai gwiwarta ce, benena ya yi mata tsawo.

Ranar taron marubuta zaure ya cika maƙil. Kafin mu hau dandamali na ja mata kunne.

"Ke dai ki rage gudu yau, baiwar Allah. Ba jirgin ƙasa za ki kama ba."

"Kin fara tsufa ke nan, ƙawata," in ji ta. Ta yi dariya, amma ba ta dube ni ba.

Aka fara lafiya lau. Can sai mai gabatarwa ya tambaye ta labarin sabon littafinta. Ta amsa da Faransanci, a hankali kuwa, yadda na roƙa. Tun ba ta kai ƙarshe ba na gane inda ta dosa. Ta kammala tana jira na, jama'a ma suna jira.

A aikinmu, idan mai magana ya ce "ni", kai ma "ni" za ka ce. Ba ka fakewa da "ta ce". Ba ka ƙari, ba ka ragi. Masu jin Faransanci a zauren ba su taka kara sun karya ba, da na sassauta da ba wanda zai gane. Amma ban taɓa yi ba, ban kuma san yadda ake yi ba. Sai na buɗe baki na ce:

"Na daɗe ina jin littattafaina ba su da rai a harshenku. Fassarar tana da tsabta, amma lami ce, ba gishiri. Yanzu na samu wanda ya ji muryata. Facundo, tashi su gan ka. Daga yau shi zai fassara ni, har tsofaffin littattafan ma za a sake fassara su."

Wani saurayi mai gemu ya miƙe, aka ɗauki tafi. Masu shagunan littattafai da ke layin gaba, waɗanda suka san aikin wa ake nufi, suka sunkuyar da kai. Ban taɓa jin wulaƙanci irin na ranar ba, kuma haka na ci gaba da tafinta har aka tashi.

Na same ta bayan labule tana shan ruwa.

"Odile, me ya hana ki faɗa mini tsakanina da ke? Ko a waya ne?"

"Haba Nélida, kin san ba na iya irin wannan maganar ido da ido."

"To me ya sa ba ki nemi wani tafinta yau ba? Garin nan cike yake da su."

Ta ajiye kofin, ta gyara ɗan gyalen wuyanta.

"Masu taron sun ba ni wani, ni na ce sai ke. Wani zai ji tausayinki ya tausasa maganar, mutane su tashi ba su gane ba. Ke kuwa na san yadda na faɗa haka za ki faɗa."