Minti Goma Kafin a Tayar da Katafila

Shekara ashirin da shida ina tuƙa katafila, amma wai a gaban kwamfuta za a koya mini kwashe ɓaraguzai. Ikon Allah!

'Yata ce ta ja ni ofishinsu. Wasan kwamfuta suke haɗawa: yaƙi ya rushe gari, kai kuma ka share, ka sake ginawa. Ta ce, "Baba, kai ka yi aikin nan da gaske bayan yaƙi. Zo ka gaya mana inda muka kuskure kafin a sake shi."

Aka zaunar da ni a kujera mai juyawa, aka danƙa mini abin dannawa. Gaskiya sun yi aiki. Ga bene ya durƙushe, rodi ya miƙe ta ko'ina, ga takalmi ƙafa ɗaya a cikin ƙura. Har ƙarar injin sun kwaikwaya daidai. A can gefe agogo na ta ƙirga, wanda ya fi sauri shi ke samun taurari uku.

Ban danna komai ba. Manajansu, wani mai siririn gemu, ya sunkuyo ya ce, "Baba, danna mana, lokaci na tafiya."

Na ce, "Ina wurin kashe inji?"

Ya ce wane kashe inji kuma? Na ce a aikinmu ba a kai wa ginin da ya faɗi haƙorin katafila sai an kashe kowane inji, an hana kowa ko tari, an kwanta an sa kunne a siminti minti goma cur. A ƙwanƙwasa rodi sau uku, a saurara. Sannan a tayar.

Ya yi dariya. Wallahi dariya ya yi! Ya ce, "Da akwai shi. Masu gwaji suka ce yana gundurarsu, muka cire. Wa zai zauna minti goma yana kallon ƙasa?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Wane mara tunani ne ya cire?"

'Yata ta sunkuyar da kai. "Ni ce, Baba."

Na juya kujerar nan na fuskance ta. Ban damu da manaja ba, ban damu da masu leƙowa ta bayan kwamfutoci ba.

"Ke? Ke da bakinki? Yara dubu nawa za su yi wasan nan, ki koya musu a haye kan gini da gudu a karɓi tauraro? Ranar da benenmu ya faɗi, shugaban aikinmu ma sauri yake yi. Sai da na cire makulli na jefa a aljihu, na ce a kore ni. Mahaifiyarki ba mu same ta da rai ba. Ke kuwa kina shekara biyu, kina ƙarƙashin ɓaraguzai, muryarki ta dishe kamar ta ɗan mage. Faɗa wa ogan naki, a minti na nawa muka ji ki?"

Ta ɗago ta dube ni.

"Na takwas."

Manajan ya fara cewa ai za a iya mayar da kashe injin, ko da minti ɗaya ne. Ta janyo kwamfutar gabanta, idonta jajir, ba ta ko kalle shi ba.

Ta ce, "Goma."