Layin Walda a Cikin Injin Hoto

Tun makon jiya lamba ɗaya ta hana Usta Shahata, ogan masu walda, sakat: talatin da uku. Abin da hoton iko ya nuna ke nan, wanda ake shafa wa mutum mai a ƙirji a leƙa zuciya da sauti. Cikin kashi ɗari na jinin da ke cika zuciyarsa, talatin da uku kawai take turawa. Dokta Nermin ta ce in ya gaza talatin da biyar sai an dasa masa 'yar na'ura a ƙirji, ita kuwa na'urar ba ta ga maciji da wutar walda. Shekara arba'in yana haɗa ƙofofin ƙarfe a birnin Mansura, ina zai kai hannuwan nan?

"Amma ban gamsu da hoton ba," in ji ta. "Shisha ta kumbura maka huhu, ya Usta, ya tare mini hanya. Mu gwada injin hoto na MRI, shi huhu ba ya tare shi."

"Wani injin kuma, 'yata? Ko kankana ba a ƙwanƙwasa ta haka."

Sai da aka duba idanunsa ko da ɓurɓushin ƙarfe, don injin na da maganaɗisu mai ƙarfi, sannan aka zura shi cikin injin. Sau uku ana cewa ya riƙe numfashi, tsoro na sa shi haki, hoto na fita dishi-dishi. Madam Afaf mai kula da injin ta yi magana ta lasifika.

"Ya Usta, in kana jan layin walda, numfashi kake yi?"

"Haba Madam! Hannu ya karkace?"

"To ja mini layi. Madaidaici nake so, ba na 'yan koyo ba."

Ya rufe ido, ya ga shuɗin tartsatsi, ya ja. Layi goma sha biyu ta sa shi, bai karkace ko sau ɗaya ba.

Da aka gama, Dokta Nermin ta jera hotunan biyu, ta bi gefen zuciyar da biro. A na biyun komai ya fito tangaran.

"Arba'in da biyu. Magani za mu ci gaba da shi, shisha kuma a yi sallama."

"Asabar in buɗe shago?"

"Buɗe."

Godiyarsa ba ta baki ba ce. Sai ya durƙusa ya girgiza ƙafar gadon gwajinta, ya ji tana rawa.

"Wa ya yi miki wannan aika-aika? Asabar da safe zan aiko a ɗauke shi, in sake masa walda."