Asawakin da Ya Zama Sigari

Malam Shitu ya kai hannu zai yage takardar da ke manne a bangon kanti, sai Balarabe akawu ya riƙe masa hannun riga.

"Haba, Allah gafarta Malam, kayan kamfani ne fa!"

Ranar kasuwar Tudun Wada ce, jama'a sun yi cincirindo suna kallo. Ga limamin unguwarsu nan, shi Malam Shitu, a jikin takardar tallar kamfanin taba, yana murmushi, karan sigari a baki har da hayaƙi. Mutumin da ko goro ba ya taunawa a gaban mutane! Bara ne wani Bature ya tsaya da mota, ya ɗauke shi hoto yana asawaki a ƙofar gida. Asawakin aka shafe, aka zana sigari.

"Tun jiya sahu ya ragu a masallaci," in ji Malam. "Sun ce ba sa bin ɗan taba salla. Ka cire ta, don Allah."

Balarabe ya shiga ciki, ya fito da wata takarda mai rubutun boko. "Wannan ba hannunka ba ne?"

Nasa ne kuwa. Ya tuna Baturen ya miƙo masa ita da alƙalami, shi kuma ya ɗauka albarka baƙon ke nema kamar kowa. Ya zauna ya tsara sunansa da ajami, har ya ƙara masa addu'ar buɗi.

Balarabe ya ce, "To, cewa takardar ta yi fuskar nan ta kamfani ce, daga nan har Ikko. In ka yage, sai gaban alƙali."

Kunya ta rufe Malam. Ya daɗe yana duban hoton.

"Su riƙe tasu fuskar," ya ce.

Bai zame ko'ina ba sai rumfar Habu wanzami. "Kwashe gemun nan duka, kada in ƙara kama da wancan." Habu ya yi ta ba shi haƙuri, amma ina! Gemun shekara talatin ya zube ƙasa.

Da la'asar ya shiga masallaci da ƙarfin gwiwa. Dattawa suka dube shi, suka dubi juna, suka tura na'ibinsa Malam Buba gaba ya ja salla. Liman ba gemu? A'a.

Yana sahu na biyu ya ji wani na raɗa wa na kusa da shi: "Wallahi na bangon kanti ya fi shi kama da malami."