Ku Sayi Naku

Zurfin ciki laifi ne, in kuma ya haɗu da rowa ya zama laifi biyu a riga ɗaya. Shi wannan labari zai hukunta. Mai laifin kuwa ba sai an je nemansa da nisa ba, ni ne, Isiyaku, tsohon direban tifa, mai gidan haya ɗaki tara a unguwar Kwamba, Suleja.

Shekara biyu da suka wuce ɗana Taufiq, wanda ke aikin jinya a Ingila, ya aiko a sa mini waifai a gida, ya haɗo da wata babbar waya mai faɗin faranti. Ba ta cin layi, da waifai kaɗai take aiki. Wai don mu riƙa ganin juna in muna magana. Ban ƙi ba. Mai haɗawar kuwa ɗan hayata ne, Alphonsus, Inyamuri mai gyaran waya, yana ɗakin da ke kusa da rijiya. Ya ɗora akwatin waifan a kan kabad ɗina, ya zauna yana danne-danne, ni ina tsaye a kansa kamar mai gadin kuɗin banki.

Ya ɗago ya ce, "Baba, faswod. Wane magana za mu sa?"

Kafin in buɗe baki sai ga Ijeoma, mai sayar da gwanjo ta ɗaki na uku, ta leƙo ta labule.

"Baba mai gida, an sa waifai? Za ka ba mu mu ɗana?"

Na juya na daka mata tsawa: "Ku sayi naku!"

Ta saki labulen. Alphonsus ya ce, "Shi ke nan, Baba?" Na ce shi ke nan mana, me ya rage. Ya ci gaba da dannawa. Can ya sake ɗagowa ya ce, "To suna fa? Yana son suna." Na ce a raina, to, an zo wurin. Na rufe ƙofa, na sa sakata, na sunkuya na raɗa masa wata kalma a kunne. Bayan ya fita na rubuta ta da ajami a ƴar takarda, don na san duk gidan ba mai karanta ajami sai ni, na ɓoye. Sa'an nan na kifa akwatin, na ga wasu rubuce-rubuce da lambobi a ƙasansa, na ɗauko wuƙar yankan farce na kankare su tas. Na wanke hannu ina jin kaina wani shahararren mai dabara.

Tun daga ranar ba a yin mako wani bai tambaye ni kalmar sirrin ba. Sabon ɗan haya ya sauke kaya, kwana biyu zai zo yana sosa ƙeya. Amsata ɗaya ce, ba na ƙari ba na ragi: ku sayi naku. Abin da ya riƙa ba ni mamaki, sai su ce "Mun gode, Baba," su tafi suna murmushi. Na ce wa matata Sailuba, "Kin gani? Mutum in ka tsare masa gida, girmama ka yake yi." Ta ce, "Haka ne, Malam," ta ci gaba da tsince shinkafa.

Sai dai datar da Taufiq ke sa mini ta wata guda ba ta kai ashirin ga wata. Na zauna na yi lissafin wanda ya san kalmar: ni da Alphonsus. Ni ban sata ba. Na kira shi tsakar gida, gaban jama'a, na ce ya nemi wani wuri. Ya yi ta rantsuwa da Turancinsu, yana cewa in tsaya in ji. Ban tsaya ba. Ya kwashe kayansa ya koma Gauraka. Datar kuwa ta ci gaba da ƙarewa ran sha takwas, amma na ce ƙila ya bar wani asiri a akwatin.

To, bana matar Taufiq, Umaima, ta haihu, namiji, jikana na fari ta wajen ɗa. Taufiq ya ce, "Baba, kai za ka raɗa suna. Ran Juma'a ƙarfe sha ɗaya liman zai zo gidanmu, kafin ya wuce masallaci. Za mu kira ka, ka ga yaro, ka faɗi suna da bakinka." Ya ƙara da cewa shi ma Alhaji Bamalli, mahaifin Umaima, zai shigo ta waya daga Zariya, amma don albarka kawai. Na ce madalla, albarka ta ishe shi. Ni da Alhaji Bamalli muna gaisawa da hannu biyu, amma tun ranar ɗaurin aure da ya gyara mini karatun Fatiha a gaban mutane nake jiran ranar da zan yi magana shi yana saurare.

Sunan yana cikina tun kafin a yi auren: Faruku, sunan mahaifina. Taufiq ya ce in faɗa masa tun da wuri, ko da wani abu zai faru. Na ce ba abin da zai faru. Sailuba ta tambaya, na ce za ta ji ranar da kowa zai ji.

Ran Laraba na zauna a kan babbar wayar. Ba sai na yi bayani ba, na bar ta a kan kujera, na dawo daga masallaci, na zauna. Ta yi ƙara ɗaya ta mutu. Taufiq ya sa wani abokinsa a Abuja ya kawo sabuwa ran Alhamis da yamma, ya ajiye ya juya don kada cunkoson hanya ya kama shi. Na ce ai da safe ma a kunna.

Juma'a ƙarfe takwas Sailuba ta kunna, don ita ta yi yaƙi da jahilci, tana karanta boko, ni kuwa lambar mota kaɗai nake ganewa. Ta ce, "Malam, tana neman kalmar sirri."

Na buɗe baki. Ba komai a ciki.

Wallahi na san na raɗa wa Alphonsus wani abu, har ina tuna warin man da ke kansa, amma kalmar ta tafi. Na ce ta sa lambar tsohuwar tifata. Ta ƙi. Sunan mahaifiyata. Ta ƙi. Shekarar da na zo Suleja. Ta ƙi. Sailuba ta ce ta ji ana cewa akwai rubutu a ƙasan akwatin, in aka danna wani ɗan rami sai a koma kansa. Ta kifa akwatin, ta ga wurin fari fat kamar an yi wa akuya fiɗa.

"Wa ya kankare?"

"Ɓera," na ce.

"Ɓera mai wuƙa."

Na shiga neman takarda. Na zazzage jakar takardun gida, na juye aljihun rigunan Sallah, na buɗe bayan agogon bango. Ƙarfe tara da rabi na same ta a naɗe cikin tsohon lasisina na tuƙi. Na warware, na karanta, sai na ji kunnuwana sun yi zafi. Sha-Romo. Sunan da yara suka laƙaba mini ina ɗan shekara bakwai, ranar da aka kama ni da kai a cikin tukunyar wani gidan biki. Na zaɓe shi ne don duk wanda ya san shi ya riga mu gidan gaskiya. Shekara arba'in da aure Sailuba ba ta taɓa ji ba.

Na faɗa mata a hankali, ina kallon bango. Ta rubuta. Ta ƙi. Da manyan baƙaƙe. Ta ƙi. A haɗe, a rabe. Ta ƙi.

"Malam," ta ce, "wannan kalma ai ga ta nan a rubuce a sama tun ɗazu, kafin ka faɗa."

Na ce kada ta kawo mini ruɗani, wayar ce ke maimaita abin da aka sa mata. Ta ce to mu roƙi Ijeoma aron wayarta, minti goma ya isa. Na ce ni, in je ƙofar matar da na yi wa tsawa shekara biyu in ce ta taimake ni da data? Sai ƙaramar wayata ta aljihu ta yi ƙara, Taufiq ne.

"Baba, ba mu gan ka a layi ba. Lafiya?"

"Netwok ne. Yanzu zai dawo."

"To faɗa mini sunan yanzu, in ya so..."

"Ba na raɗa wa jikana suna ban ga fuskarsa ba. Ka jira ni."

Ya sake kira, ya kuma sake. Na kashe wayar ɗungurungum na jefa aljihu, don ba zan iya ce wa ɗan da na haifa na manta makullin gidana ba. Na sa hula na fita na tari keke napep. Gauraka ba nisa, na ce, in je in dawo kafin sha ɗaya.

Ban san shagon ba. Na bi layin masu abinci ina tambaya, na bi na makanikai, wani ya tura ni wurin wani Alphonsus mai facin taya. Sai da na tsallaka babban titi sau biyu, tireloli na yi mini hon kamar ban taɓa riƙe sitiyari ba, sa'an nan na gan shi ƙarƙashin wata lema, da tabarau a goshi yana ƙona cikin waya.

Ya miƙe. "Baba mai gida! Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Kalmar nan da na raɗa maka, yaya ka rubuta ta?"

"Wane? Sha-Romo?"

Da ƙarfi ya faɗa, har mai shayin gefe ya waiwayo. Na ce ya rage murya.

"Baba, wannan ba sirri ba ne, suna ne. Sunan waifai. Kowa ya buɗe waya a layinku yana ganin shi. Har masu keke suna cewa a sauke su a gidan Sha-Romo."

Na nemi benci na zauna.

"To kalmar sirrin fa?"

"Kai ka faɗa mana. Na ce faswod, ka ce ku sayi naku. Na ce shi ke nan? Ka ce shi ke nan. Na rubuta, ƙananan baƙaƙe, ba tazara."

"Da Ijeoma nake!"

"Ni ina kallon waya, Baba, ban ga Ijeoma ba. Bayan kwana biyu ta zo tana ƙorafi, wai ta roƙe ka ka ce ku sayi naku. Na ce to ai ya ba ki. Ni na ɗauka wasa kake da su, irin na tsofaffi. Kowa ya tambaya kana ba shi da bakinka. Ranar da ka kore ni abin da nake so in gaya maka ke nan, ka ce in rufe baki."

Ya kawo mini ruwan leda, na sha. Na tambaye shi ƙarfe nawa. Sha ɗaya saura biyar. Ya ce in ba shi lambar Taufiq ya kira a wayarsa a ga juna nan take. Lambar tana cikin ƙaramar wayata. Na ciro, na danna, ta haska ta ɗauke. Ba caji. Ya soka mata waya, muka zauna muna kallonta kamar masu jinya. Kafin ta farfaɗo sha ɗaya da rabi ta yi, ga kira goma sha huɗu da ban ɗauka ba, tara na Taufiq, biyar na Sailuba. Muka kira Taufiq, ba a ɗauka ba. Sun tafi masallaci.

Na iso gida sha biyu ta wuce. Tun daga zaure nake jin guɗa. Ɗakina cike da ƴan haya, takalma har bakin rijiya, babbar wayar tana jingine da filas ɗin shayina. Ina fita, ashe, Sailuba ta ƙwanƙwasa wa Ijeoma ƙofa. Ijeoma ta karɓa, ta danna baƙaƙe goma, ta miƙo mata. Duk gidan sun ga yaron. Sun ce yana da kunnuwana.

"Liman ya jira ka minti ashirin," in ji Sailuba. "Taufiq ya ce ko na san sunan da ka zaɓa. Na ce an ce zan ji ranar da kowa zai ji. Sai Alhaji Bamalli ya yi gyaran murya, ya ce to kada a tsayar da malam."

"Me ya sa masa?"

"Nuhu."

Sunan Alhaji Bamalli na yanka ke nan.

Ijeoma ta matso ta durƙusa. "Barka, Baba. Allah ya raya. Kuma mun gode da waifai, shekara biyu ba ka taɓa hana kowa ba."

Na duba fuskarta ko da dariya a ciki. Da akwai, kaɗan.

Ga abin da na rasa, in ƙirga shi don kada wani ya ƙirga mini. Sunan mahaifina, wanda na riƙe a ciki shekara da shekaru, bai hau kan yaron ba, kuma ba a raɗa suna sau biyu. Ganin jikana a ranar sunansa, wanda mai gwanjo da mai gyaran fanka da matar ɗan sanda suka samu a ɗakina, a kan tabarmata. Ɗan haya mai gaskiya guda ɗaya, da na kora a kan laifin bakina. Maganar da na so in yi Alhaji Bamalli yana saurare, shi ya yi ta, ni ina tsallaka titi a Gauraka. Sai sunan da na binne shekara sittin da biyar, wanda yanzu in na tari keke na ce Kwamba, direba ke tambayata, "Gidan Sha-Romo, Baba?" Ina cewa e, don nan ne gidan.