Saƙonnin da Manaja Ya Aika wa Auta

Manaja ya yanke shawarar sa wa intanet ɗin gidansa linzami ne a ranar da Auta, ɗansa ɗan shekara tara, ya dubi baƙon da suke cin abinci tare ya kira shi da wata kalma. Kalmar ba ta cikin waɗanda ake koyarwa a makaranta. Baƙon ya ƙware da ruwa, Malama, matar Manaja, ta tuna tana da aiki a kicin, shi kuwa Auta da aka matsa masa sai ya ce a bidiyo ya ji.

"Ki bar mini wannan," in ji Manaja bayan baƙon ya tafi. "Mutumin da ke juya motocin kamfani guda ba zai kasa juya wayoyin gidansa ba."

A kamfanin rarraba magunguna da yake aiki, direbobi ne ke kawo masa buƙatar mai ko ta sabuwar taya, shi kuma ya amince ko ya ƙi. Yawanci ƙi yake yi, kuma ya daɗe da gamsuwa cewa wannan ne ya hana kamfanin rushewa.

Washegari ya biya ta shagon waya. Mai shagon ya nuna masa manhajoji uku na kula da yara. Ta farko tana toshe shafukan banza ne kawai, ta yi shiru da bakinta. Manaja ya ce abin da ba ya kawo rahoto ba ma'aikaci ba ne. Ta biyu tana nuna inda yaro yake a taswira. Ya ce ya san inda ɗansa yake, yana kan kujerar falo, matsalar ke nan. Ta uku ita ce ta shiga ransa. Tana hawa kan kowace na'ura da ke shan intanet ɗin gidan, tana yanka wa yaro lokaci, tana kawo rahoton abin da ya kalla. Idan lokacin ya ƙare, yaro zai danna neman ƙari, buƙatar ta zo wayar uba da maɓalli biyu, na amincewa da na ƙi, har da gurbin rubuta dalili.

"Wannan an yi ta da ilimi," in ji Manaja.

Da yamma ya kulle kansa a ɗaki ya tsara komai shi kaɗai. Bai nemi shawarar kowa ba, domin shi ya sayi kowace na'ura a gidan, kuma yana tuna wanda ya saya wa. Wayar Malama ya bar ta a sake. Ƙaramar wayar da ya saya wa mahaifiyarsa, Iya, wadda ke zaune da su tun da ta yi ritaya daga aikin ungozoma a asibiti, ita ma ya bar ta a sake, har da ɗan rusunawa a zuciyarsa. Kwamfutar hannu mai faɗin faranti da ya saya wa Auta kuwa, ya ɗaure ta tamau.

Buƙata ta farko ta same shi a ofis ana tsakiyar taro: Auta yana neman ƙarin lokaci. Ya danna ƙi a ƙarƙashin tebur, ya ji wani daɗi da bai taɓa samu daga direbobi ba, don waya ba ta tsayawa tana roƙo a bakin ƙofa. Da buƙatar ta sake zuwa, sai ya yi amfani da gurbin dalili: "Tashi ka yi abin amfani."

Da ya koma gida ya tarar da Auta cikin fara'a, ko gunaguni babu. Ya nuna wa Malama.

"Kin ga tarbiyya? Ko ƙorafi bai yi ba."

"To, madalla," in ji Malama, tana duba takardun ɗalibanta.

Iya ce kawai ta amsa gaisuwarsa a taƙaice. Ya ɗauka ciwon gwiwarta ne ya motsa.

Rahoton ƙarshen mako ne ya tayar masa da hankali. Auta ya nemi bayani kan maganin ciwon gwiwa. Auta ya daɗe yana kiran bidiyo da gwaggonsa, ƙanwar Manaja da ke aure a nesa, mai tsohon ciki. Abin da ya fi muni, Auta ya kalli bidiyo iri-iri na yadda ake karɓar haihuwa idan jariri ya zo da ƙafa.

Manaja ya toshe kiran bidiyo, ya toshe duk abin da ya shafi asibiti, ya rage lokacin. Buƙatu suka riƙa shigowa kamar ruwan sama, shi kuma ya riƙa amsawa cikin natsuwar mai gyaran al'umma. "Ina ruwanka da haihuwa a shekarunka? Ka ji kunya." Sannan: "A gidan nan ni ke da magana, kai ci kawai kake yi ka kwanta." Wannan ta ƙarshen ya karanta ta sau da yawa, yana jin ta yi daidai.

Ya kuma kira Auta gefe don magana ta maza.

"Akwai abubuwan da sai mutum ya girma yake neman saninsu. Ka gane?"

"Na gane, Baba," in ji Auta, wanda bai gane komai ba, amma ya san ta nan ake saurin sallamarsa.

Ranar Asabar Manaja ya dawo daga wurin wankin mota ya ga motar ƙanensa, Injiniya, a ƙofar gida, an buɗe bayanta. Tun ranar da Iya ta zaɓi zama a gidan Manaja, Injiniya bai daina ambaton cewa gidansa ya fi iska ba. A falo akwai akwatuna biyu da buhun magunguna. Iya na zaune a tsakiyar doguwar kujera, ta sa tabarau, ta yafa mayafin fita. A cinyarta kwamfutar hannun Auta ce.

"Yaya, sannu da zuwa," in ji Injiniya, fuskarsa cike da alhinin da ya kasa rufe murna. "Iya ce ta ce in zo in ɗauke ta."

"Iya, lafiya? Wa ya ɓata miki rai?"

"Zauna," in ji Iya.

Ya zauna. Ta gyara tabarau, ta kunna na'urar, ta fara karantawa da muryar da take sanar da dangi sakamakon ɗakin haihuwa.

"'Tashi ka yi abin amfani.'" Ta ɗago ta dube shi, ta mayar da kai. "'Ina ruwanka da haihuwa a shekarunka?'"

Manaja ya ji falon ya yi masa ƙanƙanta.

"Iya, ai Auta na rubuta wa. Wannan ta Auta ce."

"Ta Auta ce a bara. Wannan ƙwayar wayar da ka saya mini, rubutunta kamar ƙafar tururuwa, da wane ido zan karanta? Muka yi musaya da mijina." Haka take kiran jikan nata. "Kowa a gidan nan ya sani. Mai kawo ruwa ma ya sani."

Manaja ya juya ya dubi Malama.

"Wa ya tambaye ni, Baban Auta?" in ji ta. "Ka ce in bar maka."

A can lungun falo, Auta ya lallaɓa ya tura ƙaramar wayar Iya ƙarƙashin matashi. Tun da aka sa manhajar yake yawo a intanet ba shinge, da sunan tsohuwa mai daraja.

"Ƙanwarka haihuwa yau ko gobe," Iya ta ci gaba, "likitansu ya ce yaron bai juya ba. Ina duba yadda ake yi yanzu, ina kwantar mata da hankali, sai abin ya ɗauke. Na roƙa, aka ce in ji kunya. Ni da na karɓi haihuwar rabin unguwa." Ta sake duban na'urar. "'Ci kawai kake yi ka kwanta.' Wannan ita ce ta haɗa mini kaya."

"A gidana," in ji Injiniya a hankali, "intanet ba ya tambayar shekarun mutum."

Manaja ya sauka daga kujera ya durƙusa. Bai taɓa yi wa shugaban kamfani haka ba. Ya ce kuskure ne na tsari. Iya ta ce ba tsari ta haifa ba. Ya ce zai goge manhajar a gabanta yanzun nan.

"A'a, kada ka goge. Abin yana da kyau. Na ji abin da yaron nan ya kira baƙonka. Wanda aka ba riƙo ne bai san gidan ba." Ta miƙa hannu. "Kana can kana rabon mai, ni nake wuni da mutanen gidan. In zan zauna, maɓallan nan biyu su dawo hannuna. Da lambar sirrin."

Injiniya ya yi gyaran murya. "Iya, rana tana yi, ga hanya."

Manaja ya dubi akwatunan, ya dubi ƙanensa, wanda ya riga ya kama hannun ɗaya daga ciki. Sannan ya ciro wayarsa. Aikin bai ɗauki lokaci ba. Iya ta sa aka buɗe mata kiran bidiyo, aka ɗaure ƙaramar wayar da aka zaro daga ƙarƙashin matashi, Auta yana kallo kamar wanda ake rushe wa gida. Da aka zo kan wayar Manaja, manhajar ta tambaya a wane rukuni za a sa ta.

"Nawa ne rukunin?" in ji Iya.

"Biyu ne, Iya. Na iyaye da na 'ya'ya."

"To, kai ɗan wa ne?"

Injiniya ya fashe da dariya har ya saki akwatin. Iya ta jira ya gama, ta cire mayafinta ta ninke.

"Mayar mini da kayan ɗaki," ta ce masa. "In ka fito, kawo taka wayar. Matarka ta ce ko a wurin cin abinci ba ka ajiye ta."